Yadda Na Haɗa Babur Ɗina a Tsakar Gidanmu na Aboabo

Sana'ata ɗinki ce. Shagona yana Aboabo a Kumasi, amma rabin aikin yawo ne: sayen yadi a Kejetia da Adum, kai ɗinki Tafo da Asawase, wani lokaci har Asokore Mampong. Kuɗin pragya (keke mai ƙafa uku) da trotro (ƙaramar bas ta haya) na cin riba, cunkoso na cin lokaci. Sabon babur ya fi ƙarfin aljihuna, kuma ko da ina da kuɗin, ba irin wanda kowa ke hawa raina ke so ba. Wanda ya saba yanka yadi daidai jikin mai shi da wuya ya gamsu da rigar da aka ɗinka wa kowa da kowa.

Na daɗe ina kallon baburan da ake sake wa fasali a YouTube, musamman samfurin kafe resa da samarin Ingila suka fito da shi a shekarun 1950 da 1960: hannu a ƙasa, sirdi guntu, mahayi a kife kan tanki, wasu ko madigadi babu. A hoto suna da kyau ƙwarai. Sai dai hanyar da zan bi kullum lungunan zango ne, ga kwata, ga ramuka, ga tudun rage gudu, kuma damina biyu muke yi a Kumasi. Babur marar madigadi a watan Yuni zai watsa wa farin yadin mutane taɓo kafin a kai Kejetia. Saboda haka tun a takarda na yanke shawara: zan rage masa nauyi da tarkace, in sa ya zama siriri, amma ba zan sauke tsayinsa ba, hannu zai tsaya a inda baya ba zai yi ciwo ba, sirdi kuma zai ɗauki mutum biyu, domin Mma, mahaifiyata, tana da ranakun zuwa asibiti.

Wanda ya riƙe hannuna a aikin wani tsohon fita ne ɗan Bawku, abokin Kawuna, da ya tsufa yana gyaran babura a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Kowa Masta yake ce masa. Yarjejeniyarmu mai sauƙi ce: ni zan yi aikin a gida, in na maƙale in ɗauko abin in kawo masa ya duba, ni kuma in ɗinka masa kayan Sallah da na 'ya'yansa. Shi ya ce in nemi injin samfurin CG kawai. Honda ce ta fito da CG125 a 1975 domin ƙasashen da ba kowa ke juyen mai a kan lokaci ba, kuma da yawa daga cikin ƙananan baburan China da suka cika garin nan kwafinsa ne. Babu sarƙa a kan injin, sanduna biyu ne ke tura bawul daga ƙasa, don haka yana jure wahala, kayansa kuma ko'ina ana samu da araha.

Bayan Babbar Sallar 2022 muka fara nema. Matattun babura ba su da wuyar samu. Kusan kowane gida a zango akwai wanda aka jingine a bango, taya ta sace, kaji na kwana a kai. Wanda ke da wuya shi ne mataccen babur mai cikakkiyar takarda. Na ga wani da injinsa ke tashi, farashinsa kuma ya yi ƙasa har raina ya biya, ina ta murɗa maƙurarsa ina jin sauti. Masta ko kallon injin bai yi ba. Ya durƙusa ya kankare dattin wuyan firam da farce, inda ake buga lambar shasi, ya ga alamar an goge wurin da dutsen niƙa.

“Ɗana, tashi mu tafi,” ya ce. “Moton da ba shi da suna, ko zinariya ka shafa masa, na mai shi ne ranar da ya gan shi.”

Wanda muka saya a ƙarshe ya fi wancan muni nesa ba kusa ba. Tanki a lotse, sirdi a yage, injin na tashi da ƙyar yana zuba hayaƙi shuɗi. Amma lambar wuya da lambar injin, wadda ke gefen hagu a ƙasa, duk sun yi daidai da abin da ke takardun DVLA, hukumar rajistar ababen hawa, mai shi kuma ya yarda ya raka ni da Ghana Card ɗinsa, katin shaidar ɗan ƙasa, aka yi canjin suna. Sidi 2,300 na biya. Sai da sunana ya hau takarda sannan na kwance noti na farko, kuma duk mai son yin irin wannan aiki ina roƙonsa ya bi wannan tsari, don bayan ka yanka ƙarfe ka yi fenti, ba ka da sauran ƙarfin ciniki da kowa.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Na je na durƙusa gaban Hajiya mai gida na roƙi lungun da ke bayan tankin ruwa, ƙarƙashin kwano. Ta ce, “Malam tela, na ba ka, amma da sharaɗi. Kada in ga baƙin mai a simintina, kada jikokina su taka ƙusa, kuma ba a tayar da inji lokacin salla ko yara na karatun allo.” Na shimfiɗa tsohuwar leda, na ɗora kwali a kai, na sami akwatin ƙarfe mai kwaɗo na ajiye sifanu. Kayan aikin da na saya ba su da yawa: jerin sifana daga 8 zuwa 19, soket, filaya, sukuddireba irin wadda ake bugawa da guduma, da ma'aunin gibin bawul. Sauran aro na riƙa yi. Kowane sashe kafin in kwance sai na ɗauke shi hoto a waya, notinansa kuma su shiga gwangwanin Milo da aka rubuta wa suna. Kusoshin murfin injin tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka na zana siffar murfin a kwali na soka kowace ƙusa a gurbinta.

Da firam ya rage tsirara, na ɗaura igiya daga tayar baya zuwa ta gaba ta kowane gefe na auna, na ga bai karkace ba. Yanka kuwa wuri ɗaya kawai aka yi: jelar baya, bayan inda shokozoba ke kamawa. Daga nan zuwa wuya ba a taɓa komai ba, don can ne ƙarfin babur yake, can ne kuma lambarsa take. Mai walda a Magazin ya lanƙwasa bututu ya yi masa sabuwar jela mai zagaye, kuma kafin ya haɗa ya zura guntun bututu a cikin kowace mahaɗa, yadda waldar ba ita kaɗai za ta ɗauki nauyin mutum biyu ba. Wannan aiki ba na tsakar gida ba ne, ban ma yi tunanin gwadawa ba.

A nan ne zama a Kumasi ya yi mini rana. Magazin, a Suame kan hanyar Offinso, gari ne guda na masu aikin ƙarfe: fitoci, masu walda, masu waya, masu fenti, masu zubin ƙarfe, masu sayar da kayan gyara sabo da hom-yus, wato na hannu da aka shigo da su daga waje. Tun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, KNUST ta yanzu, ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a cikin Magazin, kuma tana daga cikin dalilan da suka sa injinan sassaƙa ƙarfe suka yawaita a wurin. Amfanin hakan ga talaka shi ne, abin da a wani gari za a ce maka jefar ka sayi sabo, a nan akwai mai gyara shi a rumfa ta uku. Sai dai ka shiga da tsohon abin a hannunka a gwada da sabon, ka kuma buɗe kunne wurin farashi. An cire sifili huɗu daga sidi tun 2007, amma dattawan Magazin da yawa har yau da tsohon lissafi suke magana: in an ce maka miliyan biyu, sidi 200 ake nufi. Kusan kowane kaya kuma hawa-hawa ne, akwai mai kyau, akwai na tsakiya, akwai wanda kwalinsa ne kawai mai kyau. In ka yi Twi da mai shago, ka ambaci sunan mastan da ya aiko ka, yakan koma ciki ya ɗauko na gaske.

Lokacin da na yi aikin ya zo daidai da faɗuwar sidi. A watan Disamban 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, kuma a Magazin ba sai an karanta maka jarida ba, abin da ka taya yau in ka dawo mako mai zuwa ya tashi. Wannan ya sa na juya tsarin sayayyata. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje, taya, sarƙa, fistin, boris, shi na fara saye da duk kuɗin da ya shigo, na ajiye ƙarƙashin gado tun ban kai ga bukatarsa ba. Ladan aikin hannu da fenti da soso, waɗanda ba sa bin dala da gudu haka, na bar su ƙarshe.

Injin ne ya fi ba ni tsoro, shi ne kuma ya fi koya mini abu. Na cire kan, na zare silinda, na kai wa Masta a buhu. Ya zura yatsa ciki ya ji kaifin da fistin ya bari a sama, ya ce sai an faɗaɗa. Samarin rumfarsa suka ce in sayi silindar 150 kawai in ɗora, mai faɗin milimita 62 maimakon 56.5, babur ya ƙara gudu. Masta ya ce takardata 125 ta ce, birkina na 125 ne, kuma tela ba tsere zai je ba. Muka sayi fistin mai ƙarin 0.50 da zobbansa, sannan muka kai wa mai injin faɗaɗawa silindar tare da fistin ɗin, don a kan fistin ake auna rami, ba a fara huda sannan a je neman abin da zai shiga ba.

Bawul kuwa a gida na wasa su. Ana shafa man wasawa a bakin bawul, a kama shi da ɗan sanda mai roba a kai, a riƙa murzawa tsakanin tafin hannu ana ɗagawa ana juyawa, har sai zobe mai launin toka ya fito a kewaye ba yankewa. In an gama a wanke tas, domin ƙwayar wannan man ɗaya in ta shiga injin za ta ci ƙarfe. Gwajin shi ne a mayar da bawul da sifirin ɗinsu, a zuba kananzir ta ramin shiga da na fita, a zuba ido. In ya tsattsafo, a koma murza. Dare na yi wannan aikin bayan na rufe shago, da fitilar caji, kuma a nan ne na fara jin cewa injin ba wani sihiri ba ne, haƙuri da tsabta yake so.

Wurin mayarwa akwai ƙananan abubuwan da Masta ya sa na maimaita masa da baki kafin ya bar ni in tafi. A cusa tsumma a bakin injin kafin a sa ɗan zoben da ke riƙe fil ɗin fistin, don in ya faɗa ciki sai an raba injin biyu. Alamar IN da ke kan fistin ta fuskanci kabureta. Rubutun zobba ya kalli sama, bakunansu kuma a raba su, kada su yi layi ɗaya. Notin kai a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Gibin bawul milimita 0.08, injin a sanyaye, alamar T ta tsaya daidai a tagar dubawa, hannayen bawul biyu duk suna motsi. Sai abin da masu babur da yawa ba su san yana nan ba: bayan murfin kuloci akwai wani ɗan kwano da ke juyawa yana tace mai. Da na buɗe nawa da soket na musamman da na aro, dattin da ya daskare a ciki sai da na sa cokali. Na wanke shi, na wanke ragar mai ta gefen hagu, na jiƙa sabbin faifan kuloci a mai kafin in jera su.

Abu biyu na ƙi yi duk da cewa su ne ake yayi. Na farko, cire akwatin iska a maƙala wa kabureta ƙaramar matata a fili. Tana da kyan gani, amma iska na yi wa mai yawa, injin ya riƙa zafi, ga ƙurar hunturu ga ruwan damina duk suna samun hanya. Na bar akwatin, na sa sabon soso, na rufe shi da murfin gwangwani da na yanka na fente. Na biyu, fasa salansa don ƙara. Lungunmu akwai jarirai, akwai tsofaffi marasa lafiya, akwai masallaci a kowace kusurwa. Ina jin zafin samarin da ke ratsa zango da tsakar dare da salansa a fashe, kuma ban ga yadda za a yi in shiga sahunsu ba. Na sami gajeriyar salansa hom-yus da cikinta bai mutu ba, sautinta na da kauri amma ba ya tayar da mai barci.

Inda ban nemi araha ba ko kaɗan shi ne duk abin da ke tsakanina da kwalta. Tayoyi sababbi na saya, masu inci 18, na kuma duba lambobi huɗun da ke gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi su, domin taya na iya tsufa a shago tana sheƙi. Takalman birki, wayar birki da ta kuloci, boris na wili da na wuya, man shokar gaba da robobinsa, duk sabo. Sarƙa lamba 428 da haƙoranta na gaba da na baya tare na canza su, don sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta daɗewa. Wili kuma na kai wa mai ɗaure sifok ya daidaita.

Tanki na sami wani siriri na tsohon babur a wurin masu kayan gwangwan. Na zuba masa tsofaffin notina da ruwan khal, na girgiza, na bar shi ya kwana, na ɗauraye har ruwan ya fito fari, na shanya a rana, na zagaya cikinsa da ɗan mai don kada tsatsa ta dawo. Firam da ƙananan ƙarafa a gida na goge da samfefa na fesa musu baƙin fentin gwangwani, da sassafe, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙurar hunturu. Tanki dai fentin gwangwani ba ya yi masa, fetur na ɗiga a kai zai narke. Na kai wa wani mai fentin motoci, na ce ba gaggawa nake ba, duk ranar da zai fesa jar mota ya haɗa da tankina a ragowar fentin. Na jira, na kuma biya kuɗi kaɗan. Ja na zaɓa saboda ja ne a takardar babur ɗin.

Sirdi ne wurin da ban tambayi kowa ba. Mai gwangwani ya yanka mini faranti daidai sabuwar jelar, na manna soso hawa biyu, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, na sassaƙe shi da wuƙar burodi ina hawa ina gwadawa har ya zauna mini. Na fitar da fatan a takardar siminti, na yanka fatar kujerar mota ruwan ƙasa. Irin wannan fata ba ta yafiya, duk inda allura ta shiga rami ya zauna, ba a farke ɗinki a sake. Na sa allura lamba 20 da zaren nailan, na buɗe tsawon ɗinki don kada ramuka su matsu fatar ta tsage, na kuma shimfiɗa takarda mai laushi ƙarƙashin ƙafar keke don kada ta kama. Tsakanin soso da fata na sa leda, saboda ruwan sama ta ramin allura yake shiga, soso ya sha, mutum ya yi kwana uku yana tashi da jiƙaƙƙen wando. A jelar sirdin, inda ba a zama, na ɗinka aska biyu irin ta gaban babbar riga da zare ruwan madara. Na shanya fatar a rana ta yi laushi, na ja ta daga tsakiya zuwa gefe, na kama da ribiti. Duk wanda ya tsayar da ni a hanya yau, sirdin yake fara shafawa, kuma shi ne abin da ya fi komai araha a jikin babur ɗin.

Waya na bar wa mai waya. Ya zubar da tsofaffin ƙulle-ƙullen da aka naɗe da leda, ya sa fis, ya ɓoye batir ƙarƙashin sirdi, ya kankare fenti a inda wayar ƙasa ke kama firam. Sigina, fitilar birki, ham da madubai biyu duk na mayar da su, ƙanana dai amma masu aiki.

Ranar tayarwa na tura shi waje bayan la'asar, kamar yadda na yi wa Hajiya alkawari. Masta ya zo da kansa. Na buɗe mai, na ja cok, na taka kik, ya kama. Hayaƙin man da na shafa wa fistin ya fita na ɗan lokaci ya ɗauke. Masta ya ɗora bakin sukuddireba a kan injin, ya kara kunne a ƙotar, ya daɗe yana saurare, sannan ya rage silo kaɗan ya ce, “Ya yi. Kada ka matsa masa sai ya ci kilomita 500, ka juye mai da wuri, ka dawo mu sake duba bawul.” Haka na yi. Man farko ya fito da ɗan ƙyalli na sabon ƙarfe, fulogi kuma ya yi launin ƙasa-ƙasa, alamar mai da iska sun daidaita. Na kai shi gwajin lafiyar abin hawa ya wuce, na yanki inshora, na sayi hular kwano biyu, lasina na ajin A dama yana hannu.

Littafin awon da nake rubuta kuɗin a bayansa ya nuna na kashe sidi 6,000 da ɗoriya, har da kuɗin babur ɗin da na takardu. Mafi yawansu sun tafi a taya, birki, cikin injin da takarda. Fenti da sirdi da tanki, waɗanda su ne ido ke gani, ko kashi ɗaya cikin biyar ba su kai ba. Abin da ya rage mini shi ne birkin gaba. Na ganga ne, yana kamawa, amma in na ɗauko Mma muka gangaro a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ina son wanda ya fi shi. Birkin faifai ba a sa shi gutsi-gutsi, sai an sami shokar gaba da cibiyar wili da famfon birki duk daga babur ɗaya, kuma a tabbatar wanda aka cire su daga jikinsa bai yi karo ta gaba ba. Masta ya bar saƙo wurin masu hom-yus biyu, in sun sauke kaya za su kira shi.